Yadda Ake Faɗin "Da... Da..." da Turanci

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wani ɗalibina ya ci jarrabawa da sakamako mai kyau, aka ce ya miƙe ya yi ɗan jawabi da Turanci a gaban jama'a. Ya gode wa malamai, ya gode wa mahaifiyarsa, sannan murya na rawa ya ce: "If my father is alive, he will be proud of me." Da aka tashi, wata baƙuwa wadda Turanci ne harshenta na gado ta jawo ni gefe, ta ce, "Malam, mahaifin yaron nan ɓacewa ya yi ne? Ba su san inda yake ba?" Na ce mata a'a, ya rasu tun yaron yana ƙarami. Abin da ke ransa shi ne "Da babana yana raye, da ya yi alfahari da ni." Abin da ya fito daga bakinsa kuwa shi ne "Idan babana yana raye, zai yi alfahari da ni," kamar mai jiran a kawo masa labari. Laifin nawa ne, domin ni na koya masa, kuma hadda na ba shi maimakon in fara daga abin da ya riga ya sani. Jimlar da yake nema ita ce: "If my father were alive, he would be proud of me."

Tun daga ranar na sake hanya. Mai jin Hausa yana da wata garaɓasa a wannan babi, domin harshensa ya riga ya raba masa abin da zai iya faruwa da abin da ake zato kawai. Aikin da ya rage shi ne ya san inda Turanci yake ɓoye wannan bambanci.

Mataki na farko: "idan" ne ko "da"?

Kafin ka taɓa Turanci, faɗi maganar da Hausa a zuci. "Idan na sami lokaci, zan ziyarce ka." Nan ƙofa a buɗe take, mai yiwuwa in samu, mai yiwuwa in rasa. "Da ina da lokaci, da na ziyarce ka." Nan kuwa magana ta ƙare, ba ni da lokacin. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san wannan bambanci ba tare da an zaunar da shi ba.

Turanci kalma ɗaya yake da ita a wuraren nan biyu, wato "if". Tunda kalmar ba ta canzawa, sai aka ɗora wa aikatau nauyin. Ana ja da shi baya taki ɗaya, daga sigar yanzu zuwa sigar lokacin da ya wuce. Ta farko ita ce "If I have time, I will visit you." Ta biyu ita ce "If I had time, I would visit you."

Ka lura da "had" ɗin nan da kyau. Ba jiya yake nufi ba, ba bara ba. Yau ake magana a kai. Turanci yana amfani da sigar lokacin da ya wuce don nuna nesa, kuma nesa iri biyu ce: nesa daga yau, da nesa daga gaskiya. A wannan jimla, nesa daga gaskiya ake nufi. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan tushe yake tsaye.

Akwai wani tarko da Hausa da kanta take ɗana mana, kuma na daɗe ban gano shi ba. Mukan ce "Idan ya zo, zan faɗa masa." Wannan "ya zo" kama yake da abin da ya riga ya faru, don haka hannu yakan rubuta "If he came, I will tell him." Jimlar ta zama rabi zato rabi gaskiya, ba ta tsaya ko'ina ba. In "idan" ka faɗa da Hausa kuma abin bai faru ba tukuna, sigar yanzu za ka sa: "If he comes, I will tell him."

In ka buɗe littafin nahawun Turanci za ka tarar an jera su da lamba: "zero conditional" don abin da kullum haka yake, "first conditional" don "idan" ɗinmu, sai "second conditional" da "third conditional" waɗanda su ne "da... da...". Sunayen suna da amfani wajen neman darasi, amma lamba ba ta gaya maka ma'ana. Ni dai ban taɓa ganin wanda lamba ta cece shi a tsakiyar zance ba.

Mataki na biyu: yaushe ne?

In ka tabbatar "da" ce, saura tambaya ɗaya. Abin da kake zato a kai na yanzu ne ko na gaba, ko kuwa ya riga ya wuce? Hausa ba ta cika damuwa da wannan ba. "Da ina da mota, da na kai ka" za ta iya zama maganar yau, za ta iya zama ta makon jiya, mai sauraro ne zai gane daga zancen da ake yi. Turanci ba ya barin wannan a hannun mai sauraro. In na yanzu ne ko na gaba, ja da aikatau taki ɗaya. In ya wuce, ja da shi taki biyu.

Mataki na uku: zato a kan yanzu ko gaba

Ginin yana da ɓangare biyu. Ɓangaren sharaɗi yana ɗaukar "if" da aikatau a sigar lokacin da ya wuce. Ɓangaren sakamako yana ɗaukar "would" da aikatau tsurarsa, ba ƙarin "s", ba "ed", ba "to".

"If she knew the answer, she would tell us." Da ta san amsar, da ta faɗa mana. Ba ta sani ba.

"If we lived near the sea, we would swim every day." Da a bakin teku muke zaune, da kullum sai mun yi iyo.

"If he didn't work at night, he would sleep better." Da ba ya aikin dare, da ya fi samun barci.

Hanya mafi sauƙi ta gina irin wannan jimla ita ce ka fara rubuta gaskiyar lamarin, sannan ka juya ta. Gaskiya: "He works at night." Juya ta zuwa korewa, ka ja da ita baya: "If he didn't work at night." Gaskiya: "I don't have his number." Cire korewar, ka ja baya: "If I had his number." Wanda ya saba da wannan juyi ba zai riƙa tsayawa neman ƙa'ida a ka ba.

Sai maganar "were", wadda take rikita kusan kowa. An koya mana cewa "I was", "he was", "she was", sai ga shi ana cewa "If I were". Wannan ragowar wata tsohuwar siga ce da Turanci yake da ita tun zamanin da, ta musamman don abin da ba gaskiya ba ne. Ta shuɗe a kusan dukkan aikatau, ta saura a fili a wannan guda ɗaya. Don haka a jimlar zato, "were" tana tafiya da kowane wakilin suna: "If I were taller", "If he were here", "If it were easy". A hira ta yau da kullum za ka ji masu harshen suna cewa "If he was here", kuma ba wanda zai ɗaga gira. Shawarata ita ce, a jarrabawa da wasiƙar aiki da duk rubutun da za a auna ka da shi, ka riƙe "were". A wuri ɗaya kuma kada ka sake ta ko a hira: "If I were you", wato "da ni ne kai". Da ita ake ba da shawara cikin ladabi: "If I were you, I would see a doctor."

Ba dole ne kullum sakamako ya zo da "would" ba, kuma zaɓin da ka yi yana canza ma'ana. "Would" tabbaci ne, da lalle haka za a yi. "Could" iyawa ce, da an sami hali. "Might" kuwa wataƙila ce. "If I had a map, I would find the house" na nufin da na gano gidan, babu shakka. In ka sa "could find", da zan iya ganowa. In ka sa "might find", da wataƙila na gano. Ɗalibai sukan manne wa "would" kamar ita kaɗai aka halitta, sai maganarsu ta fi ƙarfin abin da suke nufi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka "would" a ɓangarorin biyu: "If I would have time, I would come." Na san daga ina yake fitowa. Hausa tana maimaita "da" a farko da tsakiya, sai mutum ya ji kamar ya kamata Turanci ma ya maimaita wani abu. Ba ya yi. "Would" ta sakamako ce, ba ta shiga ɓangaren "if". Akwai togaciya guda: in "would" tana nufin yarda ko amincewa, kamar a roƙo na ladabi, "If you would wait a moment, I will call the manager." Nan ma'anar ita ce "in za ka daure ka ɗan jira". Wannan ba zato ba ne, roƙo ne da ya ari rigar sharaɗi.

Mataki na huɗu: abu ɗaya, zuciya biyu

A nan nake so ka ɗan dakata, domin nan ne nahawu yake zama hali. Sau da yawa abu ɗaya ne, amma mai magana ne yake zaɓar ko ya ɗauke shi mai yiwuwa ko mai wuyar yiwuwa. Ɗan takarar da ke kan gaba zai ce, "If I win the election, I will build more schools." Wanda ko takara bai tsaya ba zai ce, "If I won the election, I would build more schools." Duka biyun daidai ne. Na farko shiri yake, na biyu mafarki yake.

Wannan yana da tasiri a rayuwa fiye da yadda ake zato. Mai neman aiki da ya ce wa masu tantancewa "If I got this job, I would work hard" ya nuna, ba da saninsa ba, cewa bai sa rai ba. Da ya ce "If I get this job, I will work hard", da an ji ƙarfin gwiwa. A wani wurin kuma nesan ce ake bukata. In kana son ka gwada ra'ayin mutum ba tare da ka ɗaure kanka ba, ja baya: "If we paid earlier, would you deliver this week?" Ba ka yi alkawarin biya da wuri ba, tambaya kawai ka yi. Haka ma roƙon alfarma: "Would you mind if I opened the window?" da "It would be nice if you came." Aikatau da aka ja baya yana tausasa magana, yana ba wa ɗayan damar ya ƙi ba tare da kunya ba. Ni a ganina wannan amfani ya fi na mafarki yawa a bakin masu harshen, amma shi ne aka fi sakaci da shi a aji.

Mataki na biyar: zato a kan abin da ya wuce

Wannan shi ne gidan da-na-sani. Abu ya riga ya faru, ko bai faru ba, kuma babu mai iya canza shi. Taki biyu za ka ja. Ɓangaren sharaɗi: "if" da "had" da siga ta uku ta aikatau. Ɓangaren sakamako: "would have" da siga ta uku. Siga ta uku ita ce ta ƙarshe in ana jera "go, went, gone" ko "see, saw, seen" ko "write, wrote, written". Wanda bai riƙe wannan jeri ba zai sha wuya a nan, kuma babu wata dabara sai ya koma ya riƙe shi. "If I had went" da "would have saw" duka kuskure ne.

"If I had known, I would have come." Da na sani, da na zo.

"If they had left earlier, they wouldn't have missed the train." Da sun tashi da wuri, da jirgin ƙasa bai tafi ya bar su ba.

Tarihi ne filin da ya fi dacewa da gwaji, saboda gaskiyar lamarin sananniya ce. A watan Afrilun 1912 jirgin ruwan Titanic ya taso daga Ingila zuwa Amurka, ya yi karo da dutsen ƙanƙara a Tekun Atlantika ya nutse. Mutane kusan 2,200 ne a ciki, kwale-kwalen ceto 20 ne kacal, masu ɗaukar mutum 1,178, kuma fiye da mutum 1,500 suka mutu. Rubuta gaskiyar: "The ship didn't carry enough lifeboats." Juya ta, ka ja taki biyu: "If the ship had carried enough lifeboats". Yanzu sakamako. Za ka iya cewa "more people would have survived", amma ka tuna cewa wasu daga cikin kwale-kwalen da ake da su ma an sauke su ba su cika ba. Mai taka-tsantsan zai ce "more people might have survived". Ka ga yadda kalma ɗaya ta bambanta mai yanke hukunci da mai auna magana.

Wani lokaci aikatau ɗin kansa "have" ne, sai ka ga "had had" a jere ka ɗauka kuskuren bugu ne. "If I had had more time, I would have finished." Ta farko ta gini ce, ta biyu ita ce mallaka. Daidai ne, kada ka goge ɗaya.

A baki kuwa ba a furta waɗannan kalmomi a cike. Za ka ji "If I'd known, I'd have come." Wannan 'd ɗin fuska biyu gare shi. In siga ta uku ce ta biyo shi, "had" ne, kamar a "I'd known". In aikatau tsura ne ya biyo shi, "would" ne, kamar a "I'd have" ko "I'd go". Sannan "would have" takan dunƙule ta zama "would've", wadda a kunne take kama da "would of". Har masu harshen sukan rubuta "would of" a intanet, kuma kuskure ne ko daga hannun wa ya fito. Za ka kuma ji wasu, musamman a Amurka, suna cewa "If I would have known". Ana jin sa a hira, amma mai gyaran takarda zai ja masa jan biro.

Mataki na shida: in lokutan sun gauraya

Rayuwa ba ta tsayawa cikin lamba biyu da uku. Abin da ya faru jiya yana da sakamako yau, kuma halin da mutum yake da shi kullum yana iya zama dalilin abin da ya faru jiya. Maganin shi ne ka yi wa kowane ɓangare tambayar "yaushe?" shi kaɗai.

Sharaɗi a baya, sakamako a yau: "If I had studied medicine, I would be a doctor now." Karatun ya wuce, don haka taki biyu. Zama likita na yanzu ne, don haka "would be".

Sharaɗi na kullum, sakamako a baya: "If he were more careful, he wouldn't have lost the keys." Rashin kula halinsa ne har yau. Ɓatar da makullai kuwa ya riga ya faru.

A 1928, a wani asibiti a Landan, Alexander Fleming ya dawo daga hutu ya tarar fumfuna ta fito a wani faranti da yake renon ƙwayoyin cuta, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Daga nan aka kama hanyar samun maganin fenisilin. Jimlar zato a kan wannan ita ce: "If Fleming had thrown that dish away, we might not have penicillin today." Duba ƙarshenta da kyau. "Have" ɗin nan mallaka ce, ba ta gini ba, shi ya sa babu siga ta uku bayanta. Kalmar "today" ce take gaya maka sakamakon na yau ne.

Kada kuma ka ɗauka duk inda "if" ta haɗu da lokacin da ya wuce zato ne. "If he left at six, he will be home by now." Wannan "idan" ce: idan da ƙarfe shida ya tashi, to yanzu ya isa gida. Mai maganar bai san lokacin tashin ba, lissafi yake yi. Alamar ita ce babu "would" a sakamako. Ka koma mataki na farko duk sanda ka yi shakka.

Mataki na bakwai: sigogin rubutu na hukuma

A wasiƙun ofis da yarjejeniya da jawabai, sau da yawa ana jefar da "if" gaba ɗaya a sa aikatau a gaba. Kalmomi uku ne kaɗai suke yarda da haka: "had", "were" da "should". "If I had known" ta zama "Had I known". "If she were here" ta zama "Were she here". "If you should need help" ta zama "Should you need help", wadda ake rufe wasiƙa da ita, ma'ana "in ta kama kana bukatar taimako", abin da ba a cika tsammani ba amma yana iya faruwa. In za ka kore, kada ka dunƙule: "Had I not seen it" ake cewa, ba "Hadn't I seen it" ba. Kuma kada ka haɗa biyun ka ce "If had I known".

Akwai kuma "were to", don abin da ke gaba wanda ake ganin da kyar ne ya faru, ko ake son a ambace shi da sanyin murya: "If the company were to close, many families would suffer." Daidai take da "da a ce kamfanin zai rufe".

Sauran 'yan gidan

Abin da Hausa take faɗa da "ba don... ba" Turanci yana da hanya uku. Na yanzu: "If it weren't for you, I would be lost." Na baya: "If it hadn't been for the rain, we would have won." A taƙaice kuma: "But for the rain" ko "Without your help". "Ko da" ita ce "even if": "Even if I had the money, I wouldn't buy it." "A ce" ita ce "suppose" ko "imagine", kuma aikatau yana ja baya kamar yadda aka saba: "Suppose you lost your phone, what would you do?" "Otherwise" tana ɗauke da sharaɗi a cikinta: "I took a taxi; otherwise I would have been late."

Game da "unless", ina ba da shawarar a yi hattara. An koya wa mutane cewa daidai take da "if not", sai su cusa ta ko'ina. Ta fi zama daram a jimlar "idan", inda take nufin "sai dai in". A zato kan abin da ya wuce, "If she hadn't helped me, I would have failed" ita ce hanyar da ba ta da haɗari.

"Ina ma" da "da ma" su ne "I wish" da "if only", kuma ƙa'idar taki ɗaya da taki biyu ita ce dai. "I wish I knew" ina ma na sani, yanzu. "I wish I had known" ina ma na sani, a lokacin. Kada ka rikita ta da "hope", wadda take fata ne a kan abin da zai iya yiwuwa. In abokinka zai shiga jarrabawa gobe, "I hope you pass" za ka ce masa. "I wish you passed" ba addu'ar da kake nufi ba ce. Haka "as if": "He talks as if he were the owner", yana magana kamar shi ne mai wurin, alhali ba shi ba ne.

Waƙafi kuwa maganarsa gajeriya ce. In ɓangaren "if" ne a farko, sa waƙafi bayansa. In sakamako ne a farko, babu waƙafi: "I would come if I had time."

Mataki na ƙarshe: gwaji

Ɗauki takarda ka rubuta gaskiya biyar game da rayuwarka ta yau da biyar game da abin da ya wuce, da Turanci mai sauƙi. Juya kowace, ka ja aikatau baya, ka ƙara sakamako. Sannan ka karanta da ƙarfi, da sigar dunƙule, har bakinka ya saba da "I'd have" da "wouldn't have", domin wanda ya iya a takarda kaɗai zai sarƙe in magana ta zo da sauri. Kafin nan, gwada waɗannan, ka rufe amsar da hannu.

"Da ina jin Faransanci, da na nemi aikin." Rashin jin harshen na yanzu ne. In har ana karɓar takardu, "If I spoke French, I would apply for the job." In an riga an rufe, sakamakon ya koma baya: "If I spoke French, I would have applied for the job."

"Da ba ka kira ni ba, da na makara." Duka biyun sun wuce: "If you hadn't called me, I would have been late."

"Idan ruwa ya tsaya, za mu fita." In ka rubuta "stopped" da "would", tarkon mataki na farko ya kama ka. "If the rain stops, we will go out."

"Da na ji maganarki, da yanzu ba na cikin wannan hali." Sharaɗi a baya, sakamako a yau: "If I had listened to you, I wouldn't be in this situation now."

Ta ƙarshe ita ce wadda ɗalibin nan nawa ya kawo mini da kansa bayan wasu makonni, a rubuce a bayan littafinsa, ya ce, "Malam, duba mini wannan." Da Hausa ya fara rubuta ta: "Da babana ya ga wannan rana, da ya yi kuka don murna." A ƙasa kuma: "If my father had seen this day, he would have cried with joy." Na karanta sau biyu, na mayar masa da littafin ban taɓa ko harafi ɗaya ba.